Jawabin Magatakarda A Sifawa Kan Karo-Karon Sayen Bindiga

Ga jawabin da magatakardan reshen jam'iyyarmu na Sifawa ya yi a taron da aka yi bayan La'asar ranar kasuwa, gaban 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa na Sifawa da Bodinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi.

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan'uwa talakawa maza da mata, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfuna tun ciniki bai watse ba, muna yi muku barka da zuwa. Mun ga mutanen Bodinga, mun ga na Shagari da suka sha hanya. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Abin da ya tara mu yau magana ce mai nauyi, sabo da haka ku kasa kunne, wanda ya ke da ja ya bari mu kai aya sa'an nan ya tashi ya faɗi tasa. Cikin 'yan makonnin nan sau uku ana sallama a ofishin jam'iyya da magana guda. Wasu ƙauyukanmu sun soma karo-karo, ko wane magidanci ya kawo abin da ya sawwaƙa, wai a sayi bindigogin nan da a ke kira fam-akshin, musamman gajerun, waɗanda masu talla ke cewa mutum ya iya sa ɗaya cikin babbar riga ko ya ɗaure ta a gefen babur ba wanda ya sani. An nemi jam'iyya ta sa hannu, har an ce magatakarda shi zai riƙe littafin kuɗin tun da shi ne mai alƙalami. Muka ce a yi mana haƙuri mu bincika tukuna. Mun nemo dokar mun karanta ta daga farko har ƙarshe, mun zauna da maharbanmu da tsofaffin sojan da ke cikin jam'iyya, mutanen da suka san bindiga a hannu. Abin da muka samo shi muka kawo muku.

Da fari, ba wanda zai tsaya a nan ya ga laifin mutumin da ya ke neman abin kare iyalinsa. Mun san abin da mutanen gabashin jihar nan suka sha shekara da shekaru, a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo. Mun san yadda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a 2024, ya mutu a hannun 'yan bindiga, sarki guda da rawaninsa. Da can muna jin labari daga nesa muna cewa Allah ya kyauta, sai ga shi a damunar 2025 wutar ta iso ƙauyukan Tureta da na Shagari, mutane suka baro gonakinsu da amfani a tsaye suka watsu gidajen dangi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun yarda. Abin da mu ke so mu gane tare shi ne, wannan bindiga ruwan ce, ko kuwa kananzir za mu shafa?

Bari mu fara da ita kanta bindigar, don da yawa cikin masu ba da kuɗin ba su taɓa riƙe ta ba. Ita dai 'yar'uwar bindigar harbin tsuntsu ce mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda maharba suka sani. Harsashinta kwanso ne cike da 'ya'yan dalma, in an harba sai su fita tare su riƙa watsuwa. Abin da ya bambanta ta da mai baki biyu shi ne akwai wani bututu a ƙarƙashin bakinta inda a ke jera harsashi, da wani mariƙi da a ke ja baya a tura gaba. In ka ja, kwanson da aka harba ya faɗo, in ka tura, sabo ya hau. Wannan ja da turawa, kamar mai ba tayar keke iska, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata sunan famfo. Yawanci tana ɗaukar harsashi biyar zuwa takwas, gwargwadon tsawon bututun.

Kuma tsohuwar aba ce. Wani maƙerin bindiga na Amurka mai suna John Browning shi ya tsara wadda kamfanin Winchester ya fitar a 1897. Sojan Amurka suka shiga da ita ramukan yaƙi a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ta yi ɓarna ƙwarai, har Jamus ta aika da takardar ƙorafi a 1918 wai makamin ya saɓa ƙa'idar yaƙi. Masu talla suna son irin wannan labari. Abin da su ke tsallakewa shi ne a cikin rami aka yi wannan aiki, inda abokin gaba ke gabanka taki goma, ba shi da wurin kaucewa. A nan ta yi suna, kuma har gobe a nan amfaninta ya ke, watau wuri matsattse, kusa da kusa. Mai gadin kanti ko sito, wanda ɓarawo ɗaya ko biyu za su haura masa katanga da adda cikin dare, in yana da ita da izinin hukuma, ta ishe shi. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye muku ita ba.

To, amma mu ba ɓarawon katanga ke hana mu barci ba. Waɗanda ke hana mu barci bisa babura su ke zuwa, gommai, biyu-biyu ko uku-uku a kan ko wane, da AK-47 a rataye. Tsofaffin sojanmu sun zauna sun yi mana lissafin dalla-dalla. Fam-akshin, ko da an ɗura mata harsashi mai manyan 'ya'ya, in abu ya wuce yadi 40 zuwa 50 'ya'yan sun riga sun watse, ƙarfinsu ya ragu. In kuwa harsashin na harbin zabi da kurciya ne, mai ƙananan 'ya'ya, abin bai ma kai haka ba. Ita AK-47 tana kashe mutum daga yadi 300, watau kusan tsawon filin ƙwallo uku a jere. Gidan harsashinta guda yana cin 30, in ya ƙare mai ita ya zare ya sa wani kafin ka ƙifta ido sau biyu. Kai kuwa da ka harba biyar ɗinka, sai ka koma ɗura su ɗai-ɗai da babban yatsa, cikin duhu, hannu na rawa. Ku auna da kanku. Mutumin da ya tsaya a bakin gona yana harbinka, kai kana ƙofar gari, bindigarka ba ta ko kai rabin rabin inda ya ke ba. Abin da harbinka ya yi kaɗai shi ne ya nuna masa inda ka ɓuya.

Akwai kuma wani aibi da wani tsohon saje na cikinmu ya ja hankalinmu a kai, wanda mai talla ba zai taɓa faɗa ba. Wannan bindiga da hannun mutum ta ke aiki. Dole a ja mariƙin har ƙarshe, a tura shi har ƙarshe. Mutumin da tsoro ya kama sai ya ja rabi ya tura, nan take bindiga ta cije, ko ya danna kunama ya ji shiru. Maganin wannan shi ne yawan gwaji har hannu ya saba da kansa. To, ko wane gwaji harsashi ne, ko wane harsashi kuɗi ne, kuma ina filin da za ka je ka yi ta harbi da bindigar da ba ta da takarda ba a ji ka ba? Sa'an nan harsashi ba ya son laima, ƙarfe ba ya son ƙurar hunturu. Bindigar da aka binne a rumbu ko aka cusa ƙarƙashin gado wata shida, ranar da aka ɗauko ta a gigice Allah kaɗai ya san abin da za ta yi.

Wannan magana ta nisan harbi, mu mutanen ƙasar nan ba sai an ba mu labarin Faransa ba, muna da namu a bayan gida. Satiru tana nan kusa da mu, mil 14 kudu da birnin Sakkwato. A watan Fabrairu na 1906 talakawan Satiru, da gatura da fartanya da baka, suka auka wa rundunar Turawa kafin ta shirya, suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Sun ci wannan rana domin sun samu sun haɗa jiki da abokan gaba. Da Turawa suka komo a watan Maris ba su sake yarda an matso su ba. Daga nesa suka buɗe wuta da bindigogi masu ruwa, aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin. Jarumtaka ba ta gaza wa mutanen Satiru ba, tazara ce ta ci su. In wani ya ce wannan tsohon zance ne, to ga na jiya. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa suka kore shanun mutanen Mera, a ƙasar Augie ta Jihar Kebbi. Mazan gari suka yi ta maza suka bi sawu da makaman da ke hannunsu. Mutum 15 aka kawo gawarsu. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Yanzu mu zo kan gajeruwar, wadda ita aka fi kwaɗayi, kuma ita ce ta fi ba mu tsoro. Ta hanya biyu a ke gajarta bindiga. A rage tsawon bakinta, a kuma cire ƙotar da a ke dafawa a kafaɗa, a bar ɗan mariƙi irin na fistol. Wanda bai sani ba sai ya ga ai an rage masa nauyi. Alhali ƙotar nan ita ce ke tsai da bindiga a saiti, ita ce kuma ke karɓe naushin da bindiga ke yi in ta tashi, ta raba shi ga kafaɗa da jiki duka. In babu ita, naushin a wuyan hannu zai sauka. Wanda ya ɗaga ta kusa da ido don ya yi saiti, tana iya dawowa ta fasa masa baki. Wanda ya riƙe ta a ƙugu don gudun haka, harbin Allah-sa-a-dace ya ke yi. Bututun harsashi shi ma ya gajarce, sai ka ga huɗu ko biyar kaɗai ta ke ci. Ƙararta ta fi, wutar da ke fita bakinta da dare ta fi, har ta kan dushe wa mai harbin ido.

Za ku ji ana cewa ai ita ba ta bukatar saiti, ka nuna wajen kawai ka danna, 'ya'yan za su share ko'ina. Ƙarya ce. A tazarar zaure ko tsakar gida 'ya'yan ba su gama rabuwa ba, faɗinsu bai fi tafin hannu ba, sabo da haka ana kuskure da ita sarai kamar ko wace bindiga. In sun yi nisan da za su bazu sosai kuwa, sun bazu ke nan a kan kowa, da wanda ka nufa da wanda ba ka nufa ba. Ku tuna irin gidajenmu. Katangar ƙasa ta iya tare su, amma zana da dangar kara ba su tare komi. Bayan zanar nan matarka ce da 'ya'yanka, ko na maƙwabcinka.

Da muka bi ta ko wace fuska, fifiko ɗaya tak muka samu gajeruwar ta yi wa doguwar, shi ne sauƙin ɓoyewa. To, 'yan'uwa, wa ke bukatar ɓoye bindiga? Mai gadin gari so ya ke a gan shi da ita tun daga nesa. Ɗan fashi shi ke sa ta cikin riga. Haka soja da ɗan sanda za su karanta ta ranar da suka ɗaga rigarka a shingen hanya tsakanin Bodinga da Sakkwato, kuma ba lalle su tsaya jin bayaninka ba.

Ga kuma zancen inda kayan ke fitowa. A shekarar 2017 kaɗai ma'aikatan kwastan sun kama fam-akshin sau huɗu a Ikko, watau Legas: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sa'an nan 1,100 da 470 a Satumba, jimla 2,671, an ɓoye su cikin kwantena tare da wasu kaya, yawancinsu daga Turkiyya. Waɗannan su ne aka kama. Wadda za a kawo muku ta irin wannan hanya ta biyo, ko kuwa ƙirar wani maƙeri ce aka shafa wa fenti. Ku 'yan kasuwa kun fi mu sanin ciniki. Kayan da a ke sayarwa a bayan rumfa da dare, ba rasit, ba shaida, in ya fito da aibi wa za ka kai ƙara, a gaban wa? Kuma mutumin da ya sayar maka a ɓoye ya riƙe sirrinka ke nan. Shi ya san ƙauyen da ke da bindiga da gidan da ta ke kwana, ba ka kuwa san wa ya ke sayar wa gobe ba.

Sai doka. A nan mu ke roƙon ku ƙara natsuwa, domin nan ne talaka ke faɗawa rami. Dokar bindigogi ta Nijeriya an yi ta tun 1959, kafin samun mulkin kai, kuma har yanzu ita ke aiki. Da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, mu dai ba mu taɓa ganin ta da Hausa ba, sai ɗan abin da muka koya a makarantar mishan ya yi mana rana. Ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai waɗanda a ke ɗurawa ta baki, irin su adaka, wadda mu ke kira harba-ka-ruga, izininsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Akwai na biyu, irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, izininsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai na uku, haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Da dokar ta zo lissafa kashi na biyu sai ta ware duk bindigar harbin tsuntsu da ke da wata na'urar sake ɗura harsashi, ta fitar da ita daga ciki, abin da bai shiga kashi na biyu ko na farko ba kuwa ya faɗa cikin haramtattu. Mariƙin nan da a ke ja a tura, ai shi ne na'urar. Mun san akwai masu riƙe da ita da tsohuwar takardar 'yan sanda, amma a Fabrairu 2018 Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, ya ba da umarni a tattara haramtattun makamai daga hannun jama'a, ya kuma ambaci fam-akshin da sunanta a cikinsu. A 2023 kuma hedkwatar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin bindiga.

Gajeruwar laifinta biyu ne. Dokar nan ta hana a rage bakin irin wannan bindiga ya gaza inci 20, ta kuma hana riƙe wadda aka rage. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga kuwa ɗaurin shekara goma ne a ƙalla. Shekara goma, jama'a. Yaron da aka haifa ranar da aka tafi da kai, sai ya sauke izu da yawa kafin ka fito. Sa'an nan ku tuna da littafin da aka ce mu riƙe. Littafi ne mai sunan ko wane magidanci, da ƙauyensa, da abin da ya bayar don sayen haramtaccen makami, a ajiye a ofishin jam'iyyar hamayya. Wace kyauta ce ta fi wannan ga mai neman ya rufe mana ofis ya kwashe mutanenmu ana gab da zaɓe? Da hannunmu za mu rubuta musu takardar ƙara.

Wani zai tashi ya ce ai manya da kansu suka ce mu nemi bindiga. Haka ne, sun faɗa. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce mutane su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasin bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga ko wace masarauta cikin masarautu 19. Ba a yi kwana nawa ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A shekarar 2022 ɗin dai Gwamnan Binuwai na lokacin, Samuel Ortom, ya nemi izinin saya wa 'yan gadin jiharsa AK-47, domin shi ma ya san ƙananan bindigogi ba su ja da ita, ba a ba shi ba. To, in gwamna da tutarsa da lauyoyinsa ya nema an hana shi, kai mai sai da gishiri a kasuwar Sifawa fa? Su sun yi magana a rediyo sun koma gidajensu masu 'yan sanda a ƙofa. Ranar da aka kama ka, maganar rediyo ba ta zama lasin a gaban alƙali. Kada kuma wani ya fahimce mu a karkace ya ce to a tara kuɗin AK-47. Wannan hanya ita ce ta mai da wasu dazuzzukanmu abin da suka zama.

Akwai abu guda da ya fi ɗaurin shekara goma muni, dole mu faɗe shi ko da zai yi wa wasu ɗaci. Bindigar da ba ta iya kai wa ɗan bindiga a daji, tana iya kai wa wanda ya zo cin kasuwa. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa suka kashe Fulani da dama, har da limami. Cikin wannan wata 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da arba'in suka mutu, masu saye da masu sayarwa. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin jiha ta haramta ƙungiyar 'yan sa-kai. Ku 'yan kasuwa, a rumfunanku a ke biyan irin wannan bashi. Saurayin da aka ba bindiga ba horo, ba mai tsawata masa, ga zuciya na tafasa don an kashe masa ɗan'uwa, wanda ya fi sauƙin samu shi zai huce a kai, watau makiyayin da ya kawo akuya kasuwa ko mai tallan nono. A garin nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna da jama'arsa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Bodinga. Ba a Sifawa za a fara tare mutum a kashe don an ji harshensa ba. Kuma bindiga in ta shiga gari ba ta tafiya don 'yan bindiga sun tafi. Tana nan ranar rikicin iyakar gona, tana nan ranar rabon gado, tana nan ranar zaɓe.

To, mene ne abin yi? Ba mu tara ku don mu ce ku koma gida ku naɗe hannu ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaron rai da jin daɗin jama'a a wuyan gwamnati, ya sa shi gaba da ko wane aiki nata, ya kuma yarda mutum ya kare kansa daga mai neman ransa. Kuɗin wannan aiki kuwa ana fitar da su. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa abin da a ke warewa da sunan kuɗin tsaro na musamman a ƙasar nan, wanda ba mai bin diddiginsa, ya kai dala miliyan 670 a shekara. Jihar nan ta ƙaddamar da rundunar 'yan gadin al'umma a 2024, bayan Katsina ta yi tata a 2023. A Nuwamba 2025 Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane a mai da su aikin jama'a. Madalla. Muna so a gaya mana nawa ne rabon Bodinga da Shagari a cikin duk wannan, mutum nawa, a wane ƙauye su ke kwana, wa za a kira da tsakar dare ya amsa. Talaka ya biya haraji, ya biya kuɗin rumfa, ya biya a shingen hanya, sa'an nan a ce ya sai da buhun geronsa ya sayi abin da za a ɗaure shi a kansa? Wannan shi ne biyan kuɗin aski sau biyu a bar ka da gashinka.

Ga shawarar da kwamitin reshe ya yanke. Jam'iyya ba za ta riƙe littafin kuɗin bindiga ba, kuma muna roƙon ƙauyukan da suka soma tarawa su dakata. Kuɗin da aka riga aka tara, masu shi su zauna su yanke, ko a mayar wa kowa nasa, ko a juya shi ga abin da ba mai kama ka a kansa: waya da kati a hannun mutum biyu ko uku amintattu a ko wane ƙauye, fitilu masu haske, usur, da mai na babur ɗin da zai kai labari ko ya ɗauki wanda aka ji wa rauni zuwa asibiti. Tsofaffin sojanmu sun nace a kan wannan, sun ce ƙauyen da ya sami labari da rabin sa'a, ya san inda mata da yara za su bi, ya fi ƙauyen da ke da fam-akshin biyar yana barci. Mu haɗa da rugagen da ke maƙwabtaka da mu cikin wannan shiri, don su ma ana kore musu shanu, kuma sau da yawa su ke fara ganin baƙuwar fuska a daji. Maharbanmu masu harba-ka-ruga, wanda ba shi da takarda ya zo mu rubuta masa takardar neman izini zuwa ga Kwamishinan 'yan sanda, kyauta, mu riƙe kwafi. Samarin da ke son aikin gadi da gaske, mu kai sunayensu a nemi a ɗauke su cikin rundunar jiha, inda akwai horo da rajista da wanda za a tuhuma in an yi ɓarna.

Sa'an nan za mu rubuta takardar koke guda, da Hausa da Turanci, zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, da 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya. Za mu nemi a girke jami'an tsaro a ƙauyukan da ke bakin daji kafin damina, a kuma faɗa mana a rubuce abin da aka kashe da sunan tsaronmu. 'Yan majalisar tarayya kuwa za mu tambaye su, in har gwamnati ta yarda ba ta iya tsare ko wane ƙauye, me ya hana su gyara dokar 1959 yadda 'yan gadin da aka horar, aka yi wa rajista, za su riƙe makamin da ya dace a ƙarƙashin idon hukuma? Aikinsu ke nan, don shi aka zaɓe su. Duk amsar da suka bayar za mu buga ta a jaridar nan, in sun yi shiru ma za mu buga cewa sun yi shiru.

Takardar za ta kasance a ofishin jam'iyya daga gobe da hantsi har ranar kasuwa mai zuwa. Wanda ya iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa, kuma za a karanta wa kowa ita kafin ya sa. Ba sai ɗan jam'iyya ba, ku zo da maƙwabtanku ko na wane ɓangare ne. Mutanen Shagari, an ware muku kwafi ku tafi da shi yau. Iyayenmu mata da ke can baya, akwai wadda za ta zagayo muku da ita gida-gida. Yanzu fili na mai tambaya ne, sai dai a taƙaita, don masu nisa su kama hanya kafin Magariba. Wassalamu alaikum.